Ranar da Inna Ta Shanya Mini Aiki

Ko zan manta da komai na aikin kwamfuta, ba zan manta da Asabar ɗin da Inna, mahaifiyata, ta shanya mini aiki a rana ba.

Zamanin kuɗin mai ne, ina sabon ɗauka a wata ma'aikata a Kano. Kwamfutar lokacin ɗaki guda take cinyewa, kuma a jikin kati ake huda mata umarni, kowane layi da katinsa, a jera su bi da bi. Kati ɗaya ya shiga gurbin wani, shi ke nan, komai ya rushe. An ba ni tsara rabon takin zamani na Gwiwa, Roni da Ɓaɓura kafin damina. Ran Litinin za a ba ni injin, kuma shugabanmu ya riga ya ce in abin bai tashi ba, in nemi wani aikin.

Na taho gida Kazaure da kwalin katin don in ƙara dubawa, na ajiye a ɗaki na tafi gaida kawuna. Ina dawowa na tarar da katina shimfiɗe a tabarma, kashi-kashi, an danne da duwatsu.

Inna kuwa sai murmushi take. Ta ce gara ta shiga takarduna ta huhhuda su, shi ne ta ware masu ɗan dama-dama daga waɗanda suka ci jiki.

"Wanda ya fi lalacewa na jefa shi murhu, kada ya shafa wa sauran," in ji ta.

Wa zan yi wa faɗa? Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Abin da ya cece ni wani zane ne. Wata babbar ma'aikaciyarmu 'yar Kudu ta taɓa ja mini layin tawada a karkace a gefen katin, har na yi ƙunƙuni wai ta ɓata mini kaya. Da layin nan na yi ta jerawa har ya miƙe, ban da giɓi ɗaya a tsakiya. Wanda ya ƙone shi ne mai hujin da ya fi yawa, wato lissafin da ke ba kowane gari kasonsa. Kuma ba ni da kwafinsa.

Ran Litinin na huda wani a madadinsa da ka. Ina tsaye bakin tagar ɗakin injin, tsoron kora ma ya kau, wanda ya fi shi ya zo. Idan na yi kuskure kuma injin ya karɓa fa? Ba wanda zai gane sai ruwa ya sauka, manoman Gwiwa sun zo an ce takinsu yana Roni. Da sakamako ya fito ban yarda da shi ba, sai da na bi gari-gari da fensir na ga ya yi daidai, sannan na miƙa wa shugabanmu.

Tun ranar ban sake barin aiki da kwafi ɗaya ba, ban kuma sake raina mutanen gida da cewa ba za su gane sana'ata ba. Na zaunar da Inna na nuna mata ni nake huda katin da hannuna. Har Allah ya karɓi ranta, in an tambaye ta aikin ɗanta, cewa take aikin gara yake yi a Kano, kuma gwamnati ke biyansa.