Sarƙar Babur ɗin Kawuna

A shekarun da aka ba Zamfara jiha, ni saurayi ne mai gyaran babura a wata rumfa kusa da tashar mota a Gusau. Lokacin kabu-kabu ya fara yawa, aiki har ya fi ƙarfin hannuna, mutane na yabona, ni kuma yabon ya hau mini kai. Wanda ya kawo ni birni ya haɗa ni da mai koya mini sana'ar shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi a Kekun Waje. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba.

Wata ranar Alhamis da hantsi ya turo babur ɗinsa har rumfata yana haki. Babur ɗin ɗan kwatano ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, irin mai faifan birki a gaba, wanda ba a cika gani ba a lokacin. Ya ce birkin gaba yana kamewa, in ya matsa ba ya saki. Sarƙa kuma ta yi sako-sako, haƙoran da take hawa sun cinye. Ya miƙo mini sabuwar sarƙa da haƙoranta cikin leda, ya ce zai shiga kasuwa, ya dawo bayan azahar. Ni kuwa ranar hankalina na Tsafe, inda ake bikin abokina, kuma yarinyar da nake nema za ta je. Abokaina sun riga sun sami mota, suna ta aiko mini in yi sauri.

Na san abin da aikin yake buƙata. Sai an kwance kan birkin gaba ɗaya, a fitar da ƙarfen da ke matse faifan, a goge tsatsa, a sake roba da mai. Maimakon haka na ɗan bubbuga shi da guduma, na fesa masa mai har ya saki. Sarƙar ma ban canza ba. Na cire mata gaɓa biyu don ta yi tauri, na mayar da murfinta na rufe, na jefa ledar ƙarƙashin benci da niyyar in je Kekun Waje ranar Asabar in ƙarasa. Da kawu ya dawo ya tambaye ni ko komai ya yi daidai, na dube shi na ce an sa sabuwa, birki ma ya gyaru. Ya sa mini albarka, ya ɗaure buhun taki a baya, ya tafi.

Washegari da safe ina Tsafe saƙo ya iske ni. Ashe kafin kawu ya kai Bungudu, a wata gangara, sarƙar ta zame ta cije ƙafar baya. Ya matsa birkin gaba, ya kame, babur ya wurgar da shi, buhun da babur ɗin suka danne masa ƙafa. Na same shi a asibiti a Gusau, an yanke ƙafar daga gwiwa. Ina tsaye na ji yana gaya wa masu dubiya cewa akuya ce ta gitta masa. Na ji wani sanyi a raina, Allah ya gafarta mini, na ce asirina ya rufu.

Shekara biyu ya yi yana zaune a ƙofar gida yana kallon wasu na tafiya gona. Mutumin da ba ya iya wuni ba tare da fartanya ba ya koma saƙar igiya. Nakan je kowace Juma'a da goro da sabulu, sau da yawa na buɗe baki zan faɗa, sai ya yi mini murmushi ya tambaye ni aiki, ni kuma in fasa. Haka har ciwo ya kwantar da shi, ya rasu da damina.

Bayan sadakar bakwai na durƙusa gaban matarsa, wadda nake kira Inna, na faɗi komai ina kuka. Sai ta ce, "Ɗan nan, ai ya sani. Ranar da ya dawo daga asibiti ya sa aka buɗe murfin, ya ga tsohuwar sarƙa da idonsa. Ya hana ni faɗa, ya ce in magana ta fita babu mai sake kawo maka aiki." Ta ce kullum Juma'a in na tafi yakan ce wataƙila mako mai zuwa zan faɗa masa da bakina.

Yau na manyanta, har yanzu ina gyaran babura, kuma ban sake barin babur ya fita rumfata da aikin da ban yi ba. Amma wannan bai mayar wa kawu ƙafarsa ba. 'Yan'uwana masu sana'a, wanda ya miƙo muku abin hawansa ransa ya miƙo muku. In ba za ku iya gamawa yau ba, ku ce ya dawo gobe. Wanda kuma ya cuci wani, ya je ya faɗa masa tun yana da rai. Ni an yafe mini ban roƙa ba, kuma wanda zan roƙa ya riga ya tafi.