Ai Taka Ce, Baba

Ni dai karatuna bai wuce aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ba, shi ma rabinsa a durƙushe na yi shi a bakin ƙofa. Saboda haka duk abin da na sani game da bindigogin zamani daga bakin surukina na ji shi, mijin 'yata ta fari, direban babbar mota, wanda ya sayi gida a Sedgefield, unguwar masu kuɗi, don mu san ya iso.

Shekarar da aka ce sojan ƙasar nan sun sauya bindiga, yaron nan bai bar kunnen kowa ya huta ba. Wai harsashin sabuwar ya fi nauyi, yana huda sulke kamar allura a atamfa. Wai tana da bututu a baki mai rage ƙara, da madubi a bisa mai kwamfuta a ciki, shi ke auna nisa, kai naka jan kunama kawai. Na ce to, saura su ƙera wadda za ta tafi yaƙin da kanta, ta dawo ta ba da labari. Bai yi dariya ba. Ya ce akwai ƙanwarta da ake sayar wa farar hula, kamarsu ɗaya sak, sai dai ita ɗaya-ɗaya take harbi. Na ce Allah sarki, mai ladabi ce.

Bayan sallar layya 'yata ta same ni a gida, a East Greensboro, ko mayafi ba ta cire ba.

"Baba, ya saya fa. Tana gareji cikin akwatin ƙarfe. Wai ya ɓoye makullin, amma autan ne ya nuna mini inda yake. Na yi magana har bakina ya bushe. Ko ta bar gidan, ko in kwaso yaran in dawo nan."

Halin uwarta ta biyo, ba ta barazanar banza. Na dubi ɗakunana biyu, na tuna jikoki uku da ke ba ni amsa da Turanci ko da Hausa na zage su. Na kuma ga aure zai tsinke a kan guntun ƙarfe. Ba na iya ba shi umarni: tun da ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ya haddace tsarin mulki, da ka taɓa shi sai ya karanto maka haƙƙinsa.

Ran Asabar na je gidansa. Na tarar da abokansa biyu a falo. Kamar yadda aka saba da sabon abu, ya ɗauko bindigar ya shimfiɗa a gabana don in sa albarka. Baƙa wuluk, tana sheƙi.

"Da wa za a yi yaƙin?" na tambaya. "Na duba unguwar da zan shigo. Kurege na gani, sai tsofaffin Turawa masu bin ƙaramar ƙwallo da sanda."

"Baba, tsaro ne. Ba a san ranar tsiya ba."

"Gaskiya ne."

Na sa tabarau, na shafa ta tun daga baki har gindi, na girgiza kai. "Kai! Tunda uwata ta haife ni ban ga ƙarfen da ya shiga raina kamar wannan ba."

A wurinmu idan babba ya yaba abinka, sai ka ce nasa ne. Shi kuma ya ce Allah ya yi albarka, bar abinka. Kowa ya tashi da mutuncinsa, kaya na nan inda suke. Yaron nan duk da tsarin mulkinsa, tarbiyyar gida ba ta sake shi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai taka ce, Baba."

"Na gode," na ce. "Allah ya yi maka albarka. A sa mini a mota."

Ɗaya abokin ya shaƙe da lemo.

"Baba... ai akwai takardu."

"Mu je a yi su. Na riga ka rantsuwa, ni ma ina da haƙƙi."

Suruki ba ya janye kyauta a gaban shaidu. Muka je shagon da ya saya, aka mai da ta hannuna yadda doka ta ce. Da na kawo ta gida kuwa, matata Hajiya ta tare ƙofa ta ce, "Malam, da tsufanka?" Dole na mai da ta shagon, inda suke da wurin ajiya da filin gwada harbi. Can take kwana, da sunana.

Na gaya masa duk ranar da yake son aro ya zo ya tambaye ni, ni ba marowaci ba ne. Yana zuwa kuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, mu taɓa tsadar man dizal da ciwon gwiwata. Ina kallon maganar tana hawowa har maƙogwaronsa, kunya ta mai da ita ciki. Sai ya ce, "To Baba, bari in koma, tana jirana da yara."

In ce, "A gaishe su."