Wayar da ke ƙarƙashin kujera

Shekarar da na sa wa motata sabuwar rediyo a kasuwar Gudu, nakan rage wa wata maƙwabciyata hanya daga Nyanya zuwa ma'aikatarmu. 'Yar Filato ce, ta girme ni. Wata safiya ta miƙo mini filas ɗin waƙoƙin cocinsu. Waƙa ta fara ke nan sai rediyo ta ɗauke. Washegari ma haka.

Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Oga, in ba ka so, ka faɗa mini kawai."

Na rantse ba ni na kashe ba. Ni kuma na fara zargin filas ɗinta, don in ni kaɗai ne rediyo lafiya lau take.

Na koma wurin mai wayarin ɗin da ya haɗa ta. Ya duba ko'ina bai ga komai ba, sai da ya zauna a kujerar gaba inda take zama sauti ya yanke. Ashe ƙarfen kujerar ne ke danne wayar da ya bi da ita ta ƙasa.

Da na ba ta labari ta ce, "To." Amma har muka isa ofis idonta na kan hannuna.