Ruwan Randa a Kwalbar Kaka

Har yau, in na ji ƙanshin kusbara sai kunya ta rufe ni, da furfurata da komai.

A gidanmu na Tawa, shekarun da aka samu mulkin kai, Kaka Tamo ce mai tatsuniya. Bayan magariba mukan zagaye murhunta tun garwashin tuwo bai mutu ba. Amma ba ta buɗe baki sai ta kurɓi jiƙonta: 'ya'yan kusbara da take dakawa ta jiƙa a wata koriyar kwalba, maganin kumburin cikin da ya daɗe yana damun ta. Wani Buzu ke kawo mata, sau ɗaya a shekara in ayari ya sauko. In ta sha ta yi gyatsa, sai ta tsokane ni: "To, maigidana, matso. Ciki ya kwanta, baki ya tashi."

Sai aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Ranar da malaminmu, da muke kira mushe, ya zana mana mikrob, ƙwayoyin cuta, a allo, ya ce ruwan da ya kwana cike yake da su, na dawo gida ina ji da kaina kamar likita. Na faki idonta na tuttular da jiƙon bayan rumbu, har da sauran 'ya'yan da ta ƙulle a tsumma, na cika kwalbar da ruwan randa. Wai ceton ta nake yi!

Da yamma ta kurɓa. Shiru, babu gyatsa. Babana, wanda bulalarsa ba ta nisa, yana gefe yana tufkar igiya. Ta rufe kwalbar a hankali ta ce ga ta nan, muka ce ta zo mu ji.

Wai ɗan bushiya ne ya je birni ya ga zomo sumul, ya dawo yana jin kunyar ƙayar uwarsa. Tana barci ya bi ta yana cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ta farka, ta ji zafi, amma ta ƙi buɗe ido. Tun daga ranar, ko haushin kare ta ji sai ta shige rami.

Ƙanwata ta ce, "Kaka, don mi ba ta hana shi ba?"

"Ɗiyata, a ganinai gyara shika yi. In ta yi kuka, uban na nan kusa da sanda."

Wata da watanni ina kallon ta tana cika kwalbar nan da ruwan randa da hannunta, tana kurɓa a gaban babana, tana dafe ciki, tatsuniya tana ta gajarcewa. Ta rasu kafin ayari ya komo. An ce ajali ne, kuma na yarda, amma na san ni na rage mata daɗin sauran kwanakinta.

Na girma ina zaton labarin wautar ɗan bushiya ne. Sai da na haifi nawa na gane labarin uwar ne. Yanzu ni ma ciki ya fara kumburi, jikata ke jiƙa mini kusbara, kuma jiƙon yana yi mini aiki. In na sha na yi gyatsa, sai in tuna ɗan abin da ya rage mini in faɗa: "Kaka, ni ne." Ta ba ni yamma fiye da ɗari, ban faɗa ba.