Marin Lissafi

Sa'ad da aka buɗe makarantar boko a Dutse, ba a tambayi kowa ko yana so ba. Hakimi ya aika wa dagatai kowa ya kawo yaro, mu 'yan cikin gari kuma aka bi gida-gida aka tsince mu. Mahaifina ɗinki yake yi a kusa da ƙofar gidan Hakimi, ba shi da bakin cewa a'a.

Makarantar ɗaki ɗaya ce na ƙasa a gindin duwatsu, da rumfa a gabansa. Malaminmu baƙo ne, daga Kano aka turo shi. Ba ya dariya, kuma komai nasa a kan tsari yake. Da safe shara. Bayan shara a duba farce da kai. Sai karatu, sai rubutu, ƙanana a ƙasa da yatsa, manya a allo. Lissafi ne na ƙarshe, kuma shi ke da doka tasa daban.

Ga yadda dokar take. Mu miƙe mu yi sahu bisa tsawo. Tambaya ta fara daga dama. Wanda ya faɗi ya tsaya yadda yake, tambaya ta wuce gaba. Wanda ya ci, ya juyo ya mari duk waɗanda suka faɗi kafinsa, ɗaya bayan ɗaya. In ya yi sassauci, Malam ya nuna masa yadda ake yi a nasa kuncin. Ba zan ce dokar ba ta yi aiki ba. Ba mai gyangyaɗi a lokacin lissafi, ba mai kallon waje.

A cikinmu akwai ɗan wani dagaci daga wajen Kiyawa. An haɗo shi da yaro mai ɗaukar masa tabarma da ɗebo masa ruwa. Uban yaron a gandun Dagaci yake aiki, kamar yadda kakansa ya yi. An daina kiransu bayi a lokacin, amma 'yar gonar da suke ci da ita ta Dagaci ce, aro ya ba su. Da farko yaron a bakin ƙofa yake zama. Da Malam ya ga yana kwaikwayon rubutu a ƙasa, sai ya shigo da shi aji. Ɗan gandu muke ce masa.

Tsawonsu kusan ɗaya ne, don haka a sahu ɗan Dagaci ne gaba, sai ɗan gandu, sai ni. Ɗan Dagaci ba mugu ba ne, ƙwarya ɗaya suke cin tuwo da yaronsa, lissafi ne dai ba ya shiga kansa. Duk sanda ya faɗi, tambaya sai ta sauka kan ɗan gandu, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban sani ba." Sai wani a cikinmu ya ci, ya mare su su biyu. Mu 'yan gari ba ma fargabar marin ɗan Dagaci, ubansa ba dagacinmu ba ne.

Wata rana muna tsintar dabino bayan an tashi, na ce wa ɗan gandu, "Kai, ba kai ka koya mini abin nan jiya ba?"

Ya ce, "Na manta."

Wani ya ce, "Ƙyale shi, marin ne ke masa daɗi. A garinsu da shi ake karya kumallo."

Aka yi dariya, har da shi. Da sauran suka yi gaba ya ce mini, "Kuncina kafin la'asar ya huce. In na ɗaga hannu a kan ɗan maigida, Baba ina zai yi noma?"

Malam ba makaho ba ne. Ya sha ganin ɗan gandu a rumfa yana maimaita wa ɗan Dagaci abin da ya ce bai sani ba a sahu. Ranar da abin ya faru, gero ya fara nuna a gonaki.

Malam ya ce, "Bakwai sau takwas."

Ɗan Dagaci ya ce, "Hamsin da huɗu."

"Na gaba."

"Ban sani ba, Malam."

Malam bai wuce zuwa kaina ba. Ya ɗauko tsumagiya ya ce, "Ƙarya kake yi. A ɗakin nan ba ɗan sarauta ba talaka, sai wanda ya sani da wanda bai sani ba. Faɗa."

Yaron ya ƙi faɗa. Malam ya fara da ƙafafunsa, ya hau baya. Bai yi fushi ba, bugu yake yi a tsanake, bayan kowane bugu ya maimaita tambayar. Har rigar yaron ta manne da jikinsa kafin ya ce, "Hamsin da shida."

"To, cika doka."

Ɗan gandu ya ɗora tafinsa a kuncin ɗan Dagaci kamar mai shafa mai. Malam ya nuna masa yadda ake yi. Sai na ji ɗan Dagaci ya ce a hankali, "Yi kawai, ba zan faɗa ba."

Ya yi. Duk ɗakin an ji ƙarar.

Na tabbata ɗan Dagaci bai faɗa ba. Amma yara da yawa sun gani, kuma ranar kasuwa labari ya bi fatake har ƙauyensu. Ba da daɗewa ba uban ɗan gandu ya zo da ƙafa. Muna rubutu a rumfa ya durƙusa gaban Malam.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, alfarma nake nema. A je a gaya wa Dagaci dole aka yi wa yaron nan, a ba shi haƙuri."

Malam ya ce, "Ɗanka bai yi laifi ba. Ba na ba da haƙuri a kan doka."

"To a ce ya yi laifin, a zane shi a gaban jama'a. Wataƙila zuciyar maigida ta yi sanyi."

"Ba na dukan yaron da ya ci lissafi."

Dattijon ya dubi bayan ɗansa. Ya ce, "Malam, kai baƙo ne, gobe a ɗauke ka a kai ka wani gari. Geron nan ya nuna, shi ne abincinmu na shekara."

Malam ya ce lokacin lissafi ya yi. Muka miƙe muka yi sahu, dattijon yana nan durƙushe.

An karɓe gonar da geron a tsaye, aka ba wani. Uban ya zo ya tafi da ɗansa, aka ce sun yi gabas da iyalinsu duka. A ƙa'ida, yaron da ya bar makaranta dogari ake turawa ya dawo da shi. Wannan ba a tura kowa ba.

Dagaci ya aiko da wani tsoho ya ɗauki aikin tabarma da ruwa, a waje yake zama. Malam bai canja dokarsa ba. Ya ce a matse sahu, na koma kusa da ɗan Dagaci.

Da aka zagayo kan ninki na bakwai, Malam ya tsaya a gabansa ya ce, "Bakwai sau takwas."

Ba wanda ya manta amsar nan a ɗakin, balle shi. Ya ce, "Ban sani ba, Malam." Kafin tambaya ta iso kaina ya riga ya juyo mini da kuncinsa. Haka ya riƙa yi a kowace tambaya har ya bar makarantar.