Ranar da Muka Gyara Idon Motar Baba

Matso kusa, ɗan'uwa, ka ji abin da ban cika faɗa wa mutane ba. Wata Juma'a ce da hantsi, lokacin cirar albasa, shekarar da na bar makaranta daga aji huɗu. Ina tsugune a ƙofar gidanmu a Wurno, an lulluɓe ni da tabarma biyu da tsohon bargo, ni da hancin motar Baba gaba ɗaya. Duhu ƙirin, zafi kamar cikin tanda, ga warin baƙin mai da na albasa. Haka Baba yake gwada fitila da rana, tunda hasken rana ba ya barin a gane ta kawo ko ba ta kawo ba. Shi yana can yana taɓa wayoyi, ni kuma aikina in yi ta kiran "ta kawo" ko "ta ɗauke".

Motar tsohuwar gingimari ce mai bodin katako, ta wani Alhaji, Baba direbanta ne kawai. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ƙarfi dai tana da shi, amma idanunta sun lalace: na dama ja-ja kamar garwashi, na hagu kuwa sai ya ga dama, da ta hau gargada ya mutu. Saboda haka Alhaji ba ya tura ta nesa, daga Rabah sai Goronyo sai ƙauyukan Kwargaba, kuma duk inda magariba ta riski Baba nan zai kwana. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, gidan daga ni sai kakata Hajjo, wadda kunnenta ya yi nauyi, hira da ita sai da ɗaga murya. In na gama surfe da ɗebo ruwa, na kora awaki cikin turke, sai in zauna a dakali ina carafke ni kaɗai, ina jiyo gaɗar 'yan mata daga dandali, kunnena yana kan hanya. Kukan motar nan na san shi cikin kukan mota ɗari. In aka kira sallah ban ji shi ba, sai in rufe tuwon Baba da faifai, na san da safe ɗumame zai zama. Hajjo takan ce, "Tashi ki shigo, ɗiyar ga, makauniyar mota ba ta tahiyar duhu."

To ka ga dalilin da na fi kowa son a gyara fitilar. A tunanina, ranar da ta warke, kullum Baba a gida zai kwana.

An sha wahala a kanta. An canza ƙwan fitilar, an canza fiyus har ba adadi, in ya ƙone Baba ya naɗa masa siririyar waya ya mayar. Kan batir ya yi farin gari, Hajjo ta jiƙa kanwa da ruwan zafi aka wanke shi tas. Mai wayarin na tasha ya duba ya ce wayoyin ne duk sun tsufa, sai an sake su, Alhaji ya ce ba yanzu ba. Ran nan dai ina cikin tabarma, Baba ya jingina da jikin motar don ya miƙa hannu, sai na ji wani ɗan ƙis-ƙis ta gefen hagu, kamar ana fasa ƙwarƙwata, fitilar ta ƙifta. Na ce ya sake jingina. Ya jingina, na sake ji. "Mi kinka ji?" in ji shi. Na miƙo hannu ta ƙarƙashin bargo na nuna masa wurin. Ashe wata guntuwar waya ce da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar, ƙusarta ta ci tsatsa, don duk sanda aka sauke kaya a bakin gulbi ake wanke motar. Ya kankare wurin da wuƙar yankan albasa, ya ɗaure tamau. Da ya kunna, haske ya cika tabarma har sai da na rufe ido. Ya ɗaga ni sama yana dariya: "Kunnen ga naki ya hi idona!" Ranar har tsire ya sayo mini.

Sati bai zagayo ba Alhaji ya ga motarsa tana haska hanya tangaran, ya ce ai yanzu ta isa kai albasa Kudu. Baba da yakan yi kwana ɗaya a waje, ya koma sai ya yi makonni. Hajjo ta daina cewa a zuba masa tuwo. Ni ma na daina zaman dakali, don ba abin da zan saurara. Ban taɓa gaya masa abin da ke raina ba, shi ma bai taɓa tambaya ba; in ya dawo yakan kawo mini lemo da zane, ya kwana biyu yana barcin gajiya, ya tafi.

Yau Baba ya kwanta dama, motar an daɗe da yanka ta an sayar da ƙarfen. Motocin yanzu fitilunsu farare ne masu kashe ido, direba kuma yakan buga wa 'ya'yansa waya daga ko'ina yake. Ni dai ina nan Wurno, ban je ko'ina ba. Wani alherin da hannunka za ka gyara shi ya tafi da wanda kake so. Kai fa, da kai ne cikin tabarmar nan ka ji ƙis-ƙis ɗin, za ka faɗa ko za ka yi shiru?