Majvor Sundkvist, Wadda Ta Hana Mai Ciki Hawa Jirgin Ruwa

Ƙarfe bakwai na safe Majvor Sundkvist ke jingine kekenta a bayan sashen haihuwa, ta sauka ɗakin ƙasa, ta kunna na'ura. Haka ta yi shekara talatin da ɗaya. Aikinta ta soka siririyar allura a bayan gwiwar mai ciki, ta lalubo jijiyar saƙo, ta saurara. Lalube kaɗai kan ci awa guda. Likitoci da dama sun gwada sun haƙura.

Jijiyoyin da take nema su ne masu sa gaban mutum ya faɗi in ya firgita, su matse hanyoyin jini. A lasifika ƙararsu kamar ta mai a kasko ce, ta tashi ta lafa. Amma ga macen da hawan jinin masu ciki ya kama, da ƙyar take lafawa. Mace na kwance lafiya lau a ido, jijiya na ta ba da umarnin a matse, jini ya hau, wani lokaci jijjiga ta biyo baya. Takardun bincike goma sha huɗu suka fito daga ɗakin nan. Sunan Majvor yana can ƙasa, a layin godiya.

Tsofaffin ma'aikata ba su manta wata Alhamis ba, ana gobe bikin tsakiyar bazara. Ylva, malamar makaranta mai cikin wata takwas, ta zo awo, kuma tana cikin waɗanda suka amince a yi binciken da su. Jininta ya hau. Aka kwantar da ita minti goma sha biyar a ɗaki shiru, aka sake aunawa, ya ɗan sauka, aka rubuta fargabar asibiti ce. Mijinta na mota da sabon dankali da kifin gishiri, za su kama jirgin ruwa na ƙarfe biyu zuwa tsibirin iyayensa, inda babu likita.

Majvor ta saurari jijiyar Ylva, ta hau sama wurin Torsten, likitan da ke bakin aiki.

"Torsten, kada ka sallami yarinyar nan."

"Haba Majvor, na'urarki ta bincike ce, ba ta duba marasa lafiya ba. Kawo maganar taron Litinin, kowa ya faɗi ra'ayinsa."

"Ita jijiyar, kai za ka gaya mata ta jira Litinin?"

"Jinin fa ya sauka."

"Sauko ka ji da kunnenka, in gwiwarka za ta iya matakala."

Bai sauka ba. Dokar bincike kuwa ta hana a gaya wa mace abin da na'ura ta nuna. Majvor ta san dokar sarai. Ta koma ta tarar Ylva na sa takalmi.

"Ylva, kanki na ciwo?"

"Tun jiya. Na ɗauka rana ce."

"Abin da na ji a jijiyarki bai yi mini ba. Ba za ki tsibirin nan ba. Koma sama ki ce sai an gwada fitsari da jini."

"Surukata wata uku tana shirin bikin nan. Kashe ni za ta yi."

"Ba ni lambarta. Na girme ta, na kuma fi ta baki."

Ylva ta koma ta kafe. Gwaji ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa, aka ba ta gado. Washegari da tsakar rana, jama'a na can suna rawa da furanni a ka, jijjiga ta kama ta, taku kaɗan daga ɗakin tiyata. Aka tsayar da jijjigar da magani, aka ciro 'ya mace da rai. Da a tsibiri ne, ko jirgi mai saukar ungulu sai ya yi minti arba'in.

Kwamitin asibiti ya zauna a watan Agusta, bayan kowa ya dawo hutu. Baki ya zo ɗaya, aka ba Majvor takardar gargaɗi don ta tona sakamakon bincike. Babu wanda ya kira Torsten ya ji ta bakinsa. Makon jiya da Majvor ta yi ritaya, an yanka kek, an sha kofi, shugaban sashe ya yi jawabin minti huɗu ya gode wa dukkan ma'aikata, don a ƙasar nan tamu ware mutum ɗaya da yabo rashin kan gado ne. Ware shi da laifi kuwa bai taɓa ba kowa kunya ba.

To, mu za mu ware ki. Ke ce mai kunnen da bai yi ƙarya ba, Majvor. Ke ce kika san abin da magana za ta jawo miki, kika faɗa. Mun gode.

Duk ungozoma ko ma'aikacin da ya ji abin da bai kwanta masa ba a jikin mai ciki, ya buɗe baki a ranar, ko da za a rubuta masa takardar gargaɗi. Takardar gargaɗin shafi ɗaya ce. 'Yar Ylva tana aji uku.